Tururuwa da Tsutsar Wake a Tarihin Gonakin Bici

A farkon shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim domin ya sami sauƙin mu'amala da mutanen ƙasa, ya taso daga Katsina ya biyo hanyar fatake ta Kusada, har ya iso Bici kafin shigarsa birnin Kano ranar 2 ga watan Fabrairu. Abin da ya adana mana kuwa game da garin shi ne doguwar ganuwa wadda ake kula da yaɓenta, tana tsaye cikin duhuwar itatuwa, da kuma Buzaye waɗanda ya tarar a ciki suna yi wa iyayengijinsu Abzinawa noma. Sai dai zuwan nasa ya faɗo ne a tsakiyar rani, bayan an kai amfani rumbu, an ɗaure harawa an ɗora bisa rassa, shanu sun bi gonaki sun kalace abin da ya saura. Saboda haka bai ga furen wake ba, balle abin da ke gudana a kansa tsakanin tururuwa da wata 'yar tsutsa, alhali kuwa wannan mu'amala tasu ta girmi ganuwar da ya yaba, ta kuma ci gaba bayan ganuwa ta daina tsare kowa.

Kafin a kai ga ƙwarin, wajibi ne a fara sanin gonar da suke zaune a ciki. Ƙasar Bici tana cikin karkarar Kano, yankin nan da jama'a suka yi yawa tun zamanin da, har gona ta daina samun hutu. Ƙarfin ƙasa da manomin wasu wurare yake samu ta barin gona saura shekara biyar ko goma, a nan da taki ake sayensa. Magidanci ya tara kashin awaki da na tumaki da tokar murhu da sharar gida duk tsawon rani, ya ɗora wa jaki a mangala, ya kai gona ya zuba tsibi-tsibi kafin faɗuwar ruwa. Mai hali kuma ya daidaita da Fulani su sauka a gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara da karmami su bar masa taki, wani lokaci har ya ƙara musu da damin dawa. Ba a kuwa shuka abu guda a gona guda. Gero ne da ruwan farko, dawa ta biyo baya, sa'an nan idan damina ta kankama a bi tsakani a gicciya wake, ya zauna a inuwa yana haƙuri, har ranar da za a girbe gero rana ta sauko masa, ya yaɗu ya rufe ƙasa. Akwai ɗan ila mai saurin nuna, akwai kanannado mai jinkiri da yawan yaɗo, wanda ake so domin harawarsa kamar yadda ake so domin ƙwayarsa. A shekarar 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka buga bincikensu a kan wannan karkara, Turawa suka yi ta mamakin yadda ƙasa mai yashi take ciyar da jama'a haka shekara da shekaru ba ta gajiya. Wani sashe na jawabin yana cikin saiwar waken nan, wadda Allah Ya hore mata ta jawo sinadari daga iska ta bar wa ƙasa. Wake kuwa ɗan gida ne a Afirka ta Yamma, don masu tono sun sami ƙwayoyinsa a tsakiyar ƙasar Gana waɗanda suka haura shekara 3,500. Malaman Malikiyya kuma sun lissafa shi cikin abin da ake fitar wa zakka idan ya kai nisabi.

Wanda ya durƙusa a gindin wake da sassafe a watan Satumba, kafin rana ta ɗaga furen ya rufe, zai ga ƙananan tururuwa suna hawa da sauka a kan sandar da ke ɗauke da fure. Mutanenmu sun rarrabe su da sunaye, da kiyashi da cinnaka da shazumamu, amma a nan zan haɗa su duka a ƙarƙashin sunan tururuwa. Abin da ya kawo su da farko shi ne waken da kansa, domin a tsakanin furanni, da kuma a gindin ganye, yana da wasu 'yan kumburi masu tsattsafo da ruwa mai zaƙi, ba don ƙudan zuma ba, sai don ya jawo tururuwa su yi masa sintiri su kori masu cin ganye. Ana cikin haka sai ga wani ƙaramin malam-buɗe-littafi, faɗin fukafukansa kimanin santimita 3 ne, namijin shuɗi ne mai sirkin shuni, bayan fiffiken ruwan ƙasa da ratsin fari, a ƙarshensa akwai 'yar wutsiya siririya da ɗigo biyu baƙaƙe. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya sa masa suna Lampides boeticus a wajen masana, ko da yake a asalin rubutunsa na 1767 da wani sunan dangi dabam ya kira shi. Ana samunsa daga Afirka har Hindu da Ostareliya, yana da kuma ɗan'uwa a gonakin waken Nijeriya mai suna Euchrysops malathana. Macen takan ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan tohon fure, bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, koriya ko mai ɗan ja, gajera, shimfiɗaɗɗiya, mai kaurin fata, ta ci fure, ta huda kwanso ta shiga cin ƙwaya.

Bisa ga al'ada tsutsa irin wannan nama ce ga tururuwa. Amma ita wannan, idan ta ɗan girma, akwai wata kafa a gadon bayanta wajen ƙarshen jiki, wadda idan tururuwa ta shafa ta da gashin kanta sai ɗigon ruwa ya fito, mai zaƙi da sinadarin gina jiki, ta lashe, ta sake shafawa, kamar yadda mai tatsa take lallashin saniya kafin ta sakar mata nono. Bayan wannan kafa kuma akwai wasu 'yan tsinke biyu da tsutsar ke zarowa ta mayar, waɗanda idan ta zaro su sai tururuwa su zabura su shiga kai-da-kawo kamar an yi gangami. Kaurin fatar nan kuwa shi ne garkuwarta ranar da wata tururuwa ta manta da alkawari ta kai cizo.

Abin da tururuwa ke biya da shi tsaro ne. Babban maƙiyin tsutsa, ban da tsuntsu da gizo-gizo, wasu ƙananan zanzaro ne da ƙudaje waɗanda ke soka ƙwansu a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta daga ciki tana da rai. To, idan tururuwa na kewaye da ita, da wuya mai soka ya sami sukunin sauka. Wata masaniya ta Jami'ar Harvard, Naomi Pierce, ta gwada wannan a Ostareliya cikin shekarun 1980 da wani jinsi na wannan dangi: ta shafa danƙo a gindin wasu itatuwa yadda tururuwa ba za su iya hawa ba, ta bar wasu haka, sai aka ga tsutsotsin da aka raba da masu gadinsu mafi yawansu sun halaka. Dangin nan suna da jinsi wajen 6,000 a duniya, kuma daga cikin waɗanda aka bibiyi rayuwarsu, kimanin kashi uku cikin huɗu suna da wata alaƙa da tururuwa. Da za a kai wa alƙali wannan mas'ala, ina jin zai ce ijara ce sahihiya, akwai aiki sananne, akwai lada sananne, akwai yardar ɓangarori biyu. Illa dai an ƙulla ta ne a kan dukiyar wani na uku wanda ba a shawarta ba, domin zaƙin da tsutsa ke biya da shi daga waken manomi ta samo shi, kuma tururuwar da wake ya ɗauka aikin gadi ita ce ta koma tana gadin ɓarawo. Wannan shi ya sa ba na cika sakin jiki da masu kawo wannan al'amari a matsayin darasin zumunci ba.

Ba kuwa kullum ake cika sharaɗi ba. A dazuzzukan Afirka akwai wani reshe na dangin, Lepidochrysops, mai jinsi fiye da 100, wanda tsutsarsa takan fara da cin furen ɗoɗɗoya da danginta, sa'an nan ta daina, ta jira shazumamu. Ƙamshin jikinta ya ruɗe su, su ɗauke ta su kai cikin gidansu a ƙarƙashin ƙasa suna zaton tasu ce, ta zauna watanni tana cin 'ya'yan masu gida, har ta rikiɗa ta fito da fukafukai. Wannan kam ba ijara ba ce, ha'inci ne tsantsa.

Magabatanmu ba su jahilci tururuwa ba. Duk almajirin da ya kai Suratun Namli ya san ƙissarta da Annabi Sulaimana, alaihis salamu. Jahizu na Basra ya yi dogon bayani a kan dabararta ta ajiyar hatsi cikin Kitabul Hayawan, Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya bi sawunsa cikin Hayatul Hayawan. Hadisi ya zo da hanin kashe ta tare da ƙudan zuma da alhudahuda, Risala ta Ibnu Abi Zaidin kuma, wadda babu zauren karatu a ƙasar Kano da ba a biya ta, ta yi rangwamen kashe ta idan ta cutar ba a kuma iya kauce mata ba, tare da fifita a bar ta. Talaka ma ya san ta ta wata fuska mai ɗaci, don a shekarun yunwa, irin ta 1914 wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, mata sukan tona gidan tururuwa su kwashe tsabar da ta tara su sheƙe su dafa. Manomi kuma ya daɗe da lura cewa inda darɓa ta sauka a kan dawa ko wake, ganye ya yi danƙo yana ƙyalli, nan tururuwa ke tururuwa. Wannan ma irin cinikin nan ne, zaƙi a bakin tsaro, sai dai da wani ƙwaro dabam.

Amma tarihi yakan kula ne da abin da ke da farashi ko abin da ake yanka wa haraji, shi ya sa tsutsar da ta shiga littattafan ƙasar Kano wata ce dabam, wato tsutsar tsamiya. Ita uwarta mai tashin dare ce, masana na kiran danginta Anaphe. Tsutsotsin sukan yi kiwo a ayari kan ganyen tsamiya ko doka, idan lokacin rikiɗa ya yi sai ɗaruruwansu su taru su saƙa jaka guda babba, a cikinta kowace ta saƙa ɗakinta. A da mutanen daji kan tsinko jakunkunan nan, fatake su kawo su Kasuwar Kurmi daga dazuzzukan kudu da gabas. A dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a saɓe, mata su kaɗa da mazari, a sami zare mai ƙarfi mai taushi wanda launinsa ya karkata ga ruwan ƙasa. Da shi maɗinka a Kano da Zariya da Bida suke zuba aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, aikin da yakan ci watanni. Yarbawa kuma suna saƙa tufarsu ta alfarma, sanyan, da shi. Yana da kishiya, wato alharini ja wanda Larabawa ke kawowa daga Tarabulus ta Gadamas, Barth ma ya ambace shi cikin manyan hajojin da ke shigowa Kano. Shari'a ta haramta wa maza tufar alharini, ta yi rangwame a kan ɗan ratsi, saboda haka ba abin mamaki ba ne da gwanintar maɗinkanmu ta taru a ado bisa rigar auduga. A farkon mulkin Turawa har Landan aka aika da samfurin wannan zare domin a gwada ko masaƙun can za su so shi, daga baya Philip Shea na Jami'ar Bayero ya bibiyi tarihin cinikinsa. Tsutsar wake kuwa, da ba ta da zare ba ta da kasuwa, babu malamin haraji da ya taɓa buɗe mata shafi.

Waɗanda suka fara zama suka kalli wannan mu'amala da ido a ƙasar nan suka rubuta, baƙi ne biyu, dukansu kuwa a kudu, kuma ba aikin da aka ɗauke su ke nan ba. Na farko likita ne, W. A. Lamborn, wanda ya zauna a Oni gabas da Ikko gab da Yaƙin Duniya na Farko, yana kiwon tsutsotsi a gidansa yana aika wa Farfesa Poulton na Oxford. Shi ya ga tsutsar Euliphyra zaune cikin gidan jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye da zaren 'ya'yansu, suna ciyar da ita baki da baki. Na biyu shi ne C. O. Farquharson, ma'aikacin gona a Moor Plantation ta Ibadan, wanda aka kawo domin cututtukan tsirrai, ya shafe 1914 zuwa 1918 yana bin tururuwa a jikin itatuwa lokacin hutunsa. Ajali ya riske shi a teku cikin Oktoban 1918, sa'ad da jirgin Burutu ya yi karo da wani jirgi ya nutse a kan hanyar Ingila, sai Poulton ya tattara wasiƙunsa ya buga bayan rasuwarsa. Har yau masu nazarin wannan fanni a duniya suna komawa ga rubutun mutanen nan biyu.

Abin da ya sa na ce tarihin ƙwarin nan yana ɗaure da tarihin gona, hujjarsa ta fito ne daga Ingila. A can akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi daga cikin maha'intan, wanda tun 1915 aka gano cewa tsutsarsa a gidan tururuwa take ƙarasa girma. Ya yi ta raguwa, aka ɗora laifi kan masu kamawa don ado, har aka kewaye wani fili da shinge domin kare shi, sai abin ya ƙara lalacewa, a 1979 aka tabbatar ya ƙare a ƙasar. Jeremy Thomas, wanda ya shafe shekaru yana tona gidajen tururuwa a tuddan, shi ya gano dalili: tsutsar ba ta rayuwa sosai sai a gidan jinsi guda, Myrmica sabuleti, wannan jinsi kuwa yana son ƙasa mai ɗumi inda ciyawa take gajera, da makiyaya suka daina kai tumaki tuddan, annoba kuma ta kashe zomaye tun daga 1953, ciyawa ta ƙara tsawon 'yan santimita, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar ta ƙaura. Shingen nan ya hana dabbobi shiga ne kawai. Sai da aka mayar da kiwo, aka ɗebo iri daga Suwidin a farkon shekarun 1980, sa'an nan ya dawo.

Gonar Bici ita ma ta sauya fiye da sau ɗaya a ƙarnin da ya wuce. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga kakar 1912 kuwa gyaɗa ta zama kuɗi. Aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Ciroma Abdullahi Bayero ya riƙe Bici kafin ya hau gadon sarauta a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi ya riƙe ta bayansa. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, mai gona ya matsa wa gero da wake ya buɗa wa gyaɗa wuri, buhuna suka taru suka zama dala a Kano. Aka yi shekara sittin a haka, sai farin 1973 ya zo, sa'an nan a 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye kusan hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Mai yaɗa cutar kuwa ƙwaron darɓa ne, wanda shi ma tururuwa ke yi wa hidima. Gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta na da ba, wake ya samu shiga, ya tashi daga abincin gida ya zama hajar da ake lodi a kasuwar Dawanau zuwa kudu, har Nijeriya ta zama ita ce kan gaba a nomansa a duniya, Nijar na biye.

Da wake ya zama kuɗi, sai aka fara shuka shi zalla, da iri mai tsayuwa mai saurin nuna; wake zalla kuwa ba ya yi sai da feshi, sau biyu ko uku ko fiye, daga fure zuwa kwanso. Ba don 'yar tsutsarmu ake feshin ba, ɓarnarta kaɗan ce idan an gwada da ta Maruca, tsutsar wani mai tashin dare wadda kan lalata mafi yawan amfanin gona a shekarar da ta yi yawa. Amma maganin ba ya tambayar suna, yana kashe mai ɓarna da mai gadi da zanzaron da ke rage su duka. A ƙarshen 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin SAMPEA 20-T, wanda aka sanya wa kariya daga Maruca a cikin halittarsa domin a rage yawan feshi, jama'a kuma suna ta muhawara a kansa. A gefe guda tsohon tsarin gicci bai mutu ba, dalili kuwa na kasuwa ne: muddin ana turke raguna domin Babbar Salla, ana kuma sayar da harawa da tsada a ƙarshen rani, mai ƙaramar gona a ƙasar Bici zai ci gaba da jefa kanannado a tsakanin dawarsa, kuma da wuya ya kashe kuɗin magani a kan waken da rabin ribarsa ganye ne.